Ragon Musawa da Takarduna Arba'in

Shekarar da na kusa barin jami'a hannu rabbana, a gida na yi kaka. Lokacin da aka ɗibar mini na digiri na biyu ya ƙare, aka ƙara mini wata shida da ƙyar da jiɓin goshi, sannan aka karɓe wurin kwanana aka ba sababbin ɗalibai. Na tattara laftof da 'yan tsummokarana na sauka a Ƙarfi daidai lokacin da ake karyar masara. Gidanmu babu inda za ka sa ƙafa ba ka taka masara ba, ni kuwa na iso ina hura hanci, wai ni mai bincike.

Bari in faɗi aikin a taƙaice, don sai da na shekara kafin in iya faɗinsa ba tare da mai sauraro ya yi hamma ba. A jikin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta da ya gada daga uwa da uba, dubbai, kowace da aikin da take yi. Wasu an san aikinsu. Wasu kuwa suna kawai aka raɗa musu, sunan ma kamar lambar mota, aka wuce. Masana a faɗin duniya suna ta rubuta takardun bincike a kansu, takardun da ko mutum ya daina ci da barci ba zai karance su ba. To ni sai na haɗa wata manhaja da za ta karanta mini. Kowace takarda tana da ɗan taƙaitaccen bayani a goshinta, manhajar sai ta bi dubbansu tana lura: wace ƙwaya aka ambata kusa da wace cuta, sau nawa, kuma da waɗanne ƙwayoyi ake yawan ganinta. Daga nan sai ta yi hasashen aikin ƙwayar.

Cutar da na sa a gaba ita ce sikila. Kowa ya ga yara biyu masu sikila iri ɗaya, ɗaya kullum yana asibiti, ɗayan kuma sai ya shekara ciwon bai kwantar da shi ba. Ana zaton akwai wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu a wannan bambancin. Burina in nuna ɗaya daga cikinsu da yatsa.

Kafin in baro makaranta, Farfesan da ke duba kundina ya kira ni ofis. Ya ce abokinsa mai ɗakin gwaji ya yarda zai gwada ƙwaya ɗaya a jinin marasa lafiya da ke ajiye a wurinsa. Ɗaya tak.

"Ki kawo mini suna kafin ƙarshen wata," in ji shi. "A kan sunan nan kundinki zai tsaya. In masu jarrabawa suka ƙwanƙwasa shi suka ji fanko ne, babu wani ƙarin lokaci. Kin dai ji na gaya miki."

Shekara uku da rabi na rayuwata ke nan a rataye da suna ɗaya.

Sabis a gidanmu sai a bayan rumbu, kusa da turken awaki. Nan na kife turmi na mai da shi ofis. Nan kuma Inna ta same ni.

Inna yayar Mama ce. Tun da mijinta ya rasu take zaune a sashen da ke jikin namu, kuma a danginmu kaf, daga Ƙarfi har Funtuwa, ba a karɓar kuɗin gaisuwar 'ya mace sai Inna ta je ta yi bincike a kan yaron. Ba malama ba ce, ba ta san ko bihim a boko ba, amma in ta ce yaro ya yi, to ya yi. Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya, wato takardar gwajin jini da ake yi yanzu kafin aure. Ta kan ce asibiti ya ƙwace mata rabin aiki, kuma rabin mai sauƙin ya ɗauka, ya bar ta da hali.

Ta tsaya a kaina da goronta a baki ta ce, "Ke 'yar boko, kwana uku ke nan kina kallon wannan faifan, awaki har sun fara gaishe ki. Me yake gaya miki?"

Na gyara zama na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da ɗaga yatsa. Ta saurara har na kai aya.

"Wato dai gulma take saurare."

"Haba Inna! Kimiyya ce."

"Ta je ta ga ƙwayar da idonta?"

"A'a, abin da aka rubuta a kanta take karantawa."

"Ta ji da wa take yawo, da wa ake ganinta, me mutane ke cewa a kanta."

"Haka ne."

"To ai aikina ne wannan. Shi ne aka tura ki jami'a shekara uku? Da an ba ni ke, damina ɗaya kin gama."

Wallahi na ji haushi, don ni da ma ba a taɓa ni in yi shiru. Sai dai in ka cire goron da ciwon gwiwa, gaskiya ta faɗa.

Saura kwana tara wata ya ƙare manhajar ta gama lissafi. Wata ƙwaya ta fito a sama ta bar saura a baya nesa ba kusa ba. Takardu arba'in sun ambace ta tare da tsananin ciwon sikila. Na daka tsalle daga kan turmi har akuya ta tsinke igiya. Na aika wa Farfesa, ya amsa da kalma ɗaya, "Madalla," shi da ban taɓa jin ya yabi ko ruwan sha ba. Na shiga tsakar gida ina taka rawa, Mama tana ɓarar masara tana dariya.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Su arba'in ɗin nan, a ina suka ji?"

"Inna, farfesoshi ne fa. Turawa da Indiyawa da mutanen Sin. Ba matan bakin rijiya ba ne."

"Farfesa ba ya da kunne?"

Na ce mata ita ba za ta gane ba. Na faɗa da ƙarfi, a gaban Mama, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya. Mama ta ajiye masarar hannunta ta dube ni irin kallon da ba ya buƙatar fassara. Hukuncin da ta yanke mini shi ne, gobe Inna za ta tafi bincike wani ƙauye bayan Malumfashi, kan wani yaro mai kiwon raguna da ke neman 'yar Kawu, kuma ni zan ɗaukar mata kaya tunda gwiwarta na ciwo. Na ce ina da kundi. Mama ta ce kundin ba gudu zai yi ba.

Haka muka tafi, ni mai jiran digiri na biyu, da roba cike da daddawa da kuka a kaina. Inna ba ta zuwa bincike a matsayin mai bincike. Talla take kaiwa. Sai ta yi sallama a gida, ta dafa gwiwa, ta roƙi ruwa, a shimfiɗa mata tabarma. Kuma ba ta tambayar halin yaro. Sai ta ce, "Na wuce wani gida can na ga raguna tubarkalla, mai su dai ya iya kiwo," ta yi shiru tana ɓare goro. A hanya ta gaya mini dalili. Ta ce mutane ba sa iya jure jin an yabi maƙwabci. In akwai wani abu, da kansu za su kawo maka shi har da ƙari.

Ai kuwa suka kawo. Matar da ke da injin niƙa ta ce yaron kirki ne, ba ya wasa da salla, sai dai kash, an ce yana faɗuwa. Wata mai ƙosai ta ce farfaɗiya ce, har da kumfa. Wata tsohuwa ta ce ai a jininsu yake, ta kuma tuno wani kakansa da ya taɓa faɗowa daga jaki. Ni ina gefe ina latsa waya, ina ƙirga. Kafin la'asar mun shiga gida bakwai, kuma bakwai ɗin duk sun faɗi magana ɗaya.

Da muka fito na ce, "Shi ke nan Inna. Bakwai cikin bakwai. Amma ki gaya wa Kawu farfaɗiya ciwo ce mai magani, ba abin kunya ba ce. A dai sanar da yarinya, ta zaɓa."

"Wannan kin faɗi daidai," in ji ta. "In yana da ita. Ke kin ji wadda ta ce ta gani?"

Na tsaya. A kowane gida, bayan an gama zuba, Inna kan yi wata 'yar tambaya kamar ba da gangan ba: "Ayya, a gabanki aka yi?" Ni na ɗauka jaje ne. Mai niƙa ta ce a'a, mai ƙosai ce ta gaya mata. Mai ƙosai ta ce matar mai shayi ce. Tsohuwar ta ce a injin niƙa ta ji. Muka nemi matar mai shayi, ta ce mijinta ne. Mai shayi ya ce shi ma wani direba ne da ke jigilar dabbobi ya ba shi labari, wai daga cikin mota ya hango yaron a ƙasa yana shure-shure a kasuwar Musawa.

"Bakwai ɗinki sun koma mutum ɗaya," in ji Inna, "shi ma ta tagar mota. Jibi kasuwa. Za mu Musawa."

Na ce, "Inna, don Allah! Kwana nawa ya rage mini!"

Ta ce, "Ita ma 'yar Kawunki kwananta ake ƙirgawa."

Ranar kasuwa muka shiga motar da ta ɗauki mutum goma sha biyu da buhunan waken suya da wata tunkiya da ta ƙulla abota da mayafina. Ina ta ƙunƙuni har muka isa. A kara, inda ake cinikin dabbobi, Inna ta bi dillalai ɗaya bayan ɗaya tana cewa ragon layya take nema tun da wuri, irin na yaron nan na ƙauye kaza. A na huɗu aka dace. Dattijo ne mai jan gemu, kuma da jin ta ambaci yaron sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, ya roƙe ni don girman Allah kar in gaya wa kowa."

"Ai ni ba kowa ba ce, Malam," in ji Inna. "Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa."

Ga abin da ya faru. Yaron ya kawo wani ƙaton rago da ya yi wata shida yana ɗura masa dusa da harawa. Ya sayi fura da nono ya kafa kai yana sha, sai ya sunkuya zai duba ƙafar wata tunkiya, ƙwaryar tana hannunsa. Ragon nan, da ya ci ya ƙoshi bai san godiya ba, ya ja da baya ya auna shi ya sakar masa karo a inda ba a faɗa. Yaro ya kife, numfashi ya ɗauke, ƙafafu suna harbin iska, fura ta wanke masa fuska fari fat. Dillalin ya ce shi ke riƙe da igiyar ragon, kuma shi ya ɗaga yaron. Ya ce minti biyu bai yi ba ya miƙe, abin da ya fara faɗa kuwa shi ne a sayar da ragon nan ko nawa aka taya.

Na yi dariya har hawaye. Inna ma ta dara. Amma a motar komawa dariyar ta ƙare. Tunkiya ba ta nan, babu mai cin mayafina, ba abin da ya rage sai ni da tunanina. Inna ta shiga gyangyaɗi abinta. Da ta yi gori ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari da sassafe na tafi Funtuwa, shagon da ke da sabis mai ƙarfi da wutar sola. Manhajata goshin takarda kawai take karantawa. Ni kuma ran nan sai na buɗe takardun arba'in gaba ɗayansu na tafi can wutsiya, inda kowane marubuci ke jera wuraren da ya samo maganarsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muka bi gidajen ƙauyen nan. Ta farko ta ce daga ta tara ta ji. Ta tara ta nuna ta sha biyu. Wasu biyar suna nuna juna kamar 'yan gaɗa. Kafin azahar na iso wurin direban maganar, wato wata tsohuwar takarda 'yar ƙarama, wadda masu ita ma cewa suka yi mai yiwuwa ne, a ƙara bincike. Wanda ya fara ɗauko maganar ya ce an nuna. Na bayansa ya ce an tabbatar. Na ƙarshe-ƙarshen kuwa cewa suke yi kamar yadda kowa ya sani. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya riƙe igiyar ragon.

Na zuba tagumi a gaban laftof. Mai shagon ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini, na ce kusan haka.

Saura kwana biyar. Kuma Allah na tuba, ga abin da zuciyata ta raya mini a hanyar gida: wa zai sani? Farfesa ya ce madalla. Arba'in lamba ce mai kyan gani a kundi. Masu jarrabawa suna da kundaye tuli a gabansu, wa zai tsaya bin wutsiyar takardu? In na rushe wannan, ban san me zan samu a madadinsa ba, kuma kwana biyar ba sa isa a sake gini.

Na tarar da Inna ita kaɗai a inuwar rumbu tana tsinkar gyaɗa. Na zauna na ja kwando. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma ita wannan matar ko dutse ta zauna kusa da shi sai ya yi magana. Na gaya mata duka, har da abin da nake shirin yi.

Ta gama tsinke gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Bari in ba ki labarin wani aikina."

Ta ce lokacin tana da ƙuruciya, farkon fara bincikenta, aka tura ta Mahuta kan wani saurayi da ke neman wata yarinya. Yarinyar tana son shi, shi ma haka, har ya fara gyaran ɗaki. A Mahuta mutum shida suka gaya mata akwai taɓin hankali a gidansu, wai yakan taso musu in sun manyanta. Ta bi bakin maganar, sai ta ga duk daga wani tsoho ta fito, mai zama a wata unguwa a ƙetaren rafi.

"Na zo har bakin rafin," in ji ta. "Ga hadari ya haɗo, ga goyo a bayana, ga motar ƙarshe tana shirin tashi. Na san sarai baki ɗaya ne ya haifi shidan nan. Na sani, 'yar nan. Kar ki ce ban sani ba. Amma na ce a raina shida ai shida ne, wa zai tambaye ni? Na juyo na hau mota."

Aka fasa auren. Bayan shekara biyu ta ji cewa tsohon nan rigimar iyakar gona ce tsakaninsa da uban yaron.

"Mutumin yana nan da ransa," in ji ta. "Yana da jikoki. Hankalinsa ya fi nawa. Duk ranar da na gan shi a tashar Funtuwa sai in ja mayafi in sauya hanya. Shekara talatin ke nan ina sauya hanya." Ta jefa gyaɗa a kwando. "Ke naki ma ya fi nawa. Ni mutum biyu na ɓata wa. Ke jinin yara marasa lafiya za a ɗiba a zuba wa maganar direba."

Na tashi na ɗauko laftof na koma kan turmina.

Kwana huɗu na yi ina koya wa manhajar tambayar Inna. Na sa ta daina ƙirga takardu, ta koma bin asalin magana: duk takardun da suka sha daga rijiya ɗaya ta ɗauke su murya ɗaya, kuma ta fifita wanda ya yi gwaji da hannunsa a kan wanda ya ji an ce. Cajin laftof ya ƙare sau ba adadi, na yi ta zirga-zirga wurin mai sola har ya daina amsa gaisuwata. Mama ta daina aikena. Inna kuwa takan leƙo da kunu ta tambaya, "Ta fara hankali?"

Ana gobe wa'adi ya cika sakamako ya fito. Gwanata mai takardu arba'in ta gangaro can ƙasa. Wadda ta hau sama wata ƙwaya ce da ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, takardu huɗu kacal suka ambace ta. Amma huɗun daga wurare huɗu suke, babu wanda ya ambaci wani, kuma kowannensu da hannunsa ya yi gwajin. Na gaya wa Inna. Ta ce, "Sun san juna?" Na ce da alama ba su sani ba. Ta ce, "To a kai kuɗin gaisuwa."

Kiran Farfesa shi ne abu mafi wuya. Na tsaya a bayan rumbu na ce masa na janye sunan farko. Ya yi faɗa. Ya ce ya riga ya gaya wa abokinsa, ya ce ni kullum sai an zo gaɓa nake kawo sabon abu, ya ce huɗu ina, arba'in ina. Na bar shi ya sauke, sannan na karanta masa jerin wanda ya ji daga wa. Da na kai aya, sai muryarsa ta sauka.

"Wa ya nuna miki wannan hanyar?"

Na ce, "Wata ƙwararriya ce a nan Ƙarfi, Farfesa. Ta fi shekara talatin a fannin."

Ya ce in tabbatar na ambace ta a kundin.

Bayan wata uku na tsaya gaban masu jarrabawa. Baƙon da aka gayyato daga wata jami'a, wani siririn dattijo mai tabarau a kan hanci, bai ko buɗe kundin ba ya jefo tambayarsa ta farko. Ya ce shi ya gaji da ɗalibai masu ƙirga takardu, ta yaya na san takarduna ba mutum ɗaya ba ne ya yi magana saura suka amsa amin? Wallahi saura kaɗan in ba shi labarin ragon. Na daure na buɗe babi na huɗu. Na ci. Gwajin jinin kuwa ya nuna wata 'yar alama, ba wadda za a buga ganga a kanta ba, kuma har yau ana kan dubawa. An ɗaura auren 'yar Kawu da mai raguna, kuma duk dangi sun yi alkawarin ba za su taɓa yi masa zancen fura ba, alkawarin da bai kai sati ba.

Ranar da na dawo gida na same su su biyu a tsakar gida, Mama tana tankaɗen garin masara, Inna tana gyaran kuɓewa. Na ba su labarin dattijon mai tabarau, na kwaikwayi muryarsa, suka yi ta dariya. Na buɗe shafin godiya na fassara wa Inna inda na rubuta ta. Ta ce an dai rage mata, amma ba laifi.

Cikin jin daɗi na ce, "Inna, wai yarinyar nan ta labarin Mahuta, me ya faru da ita daga baya?"

Inna ta ci gaba da yankan kuɓewa kamar ba ta ji ba. Rariya ta tsaya a hannun Mama.

"Ga ta nan tana tankaɗe," in ji Mama.

Na kalli Mama, na kalli Inna.

Mama ta ce, "Na yi kuka har aka yi girbi aka gama. Na ji haushinki, Yaya. Shekara biyu ban ci abincin hannunki da daɗin rai ba."

"Na sani," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Sai ga babanku ya zo sayen auduga wurin mahaifinmu, yana ta zuba kamar rediyo. Ni na ce ina so, ba wanda ya sa ni. Shi kuwa sati uku Yaya ta yi tana bincikensa, har gidan wanzamin da ya yi masa kaciya sai da ta je." Ta kakkaɓe rariyar. "Ban taɓa faɗa miki ba, Yaya, don na ɗauka kin sani. Na yafe miki tun ranar da aka miƙo mini wannan mai bakin tana tsala ihu. Ki daina sauya hanya a tasha."

Inna ta sa gefen zani ta goge ido, ta ce kuɓewar nan ƙaiƙayi gare ta. Ni kuwa tausayinsu su biyu ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, sai bakina ya yi abin da ya saba.

Na ce, "Wato Inna, da kin ƙetare rafin nan, da babu ni."

Ta dube ni sama da ƙasa, idonta jawur.

"Da babu ke," ta ce. "Sau ɗaya na yi ha'inci a aikina, ga shi nan shekara ashirin da bakwai yana zaune a gabana yana mini musu. Miƙo mini tiren can."

Na miƙa mata.